MOBO ko BET: wanne ya fi amfani ga mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa?

Duk shekara in lokacin bikin ba da kambu ya zo sai kaga matasan mawaƙa sun cika Instagram da TikTok da addu'ar Allah ya nuna musu ranar da su ma za a kira sunansu, kuma ba laifi bane, waye baya son a yaba masa. Amma shi mawaƙi mai cin gashin kansa, wanda kuɗin situdiyo daga aljihunsa yake fita, kuɗin bidiyo daga aljihunsa, hatta kuɗin motar da zai je yayi wasa shi zai biya, bashi da lokacin da zai ɓata yana kallon kowace ƙofa. Dole ya san wacce ce in ya ƙwanƙwasa akwai yiwuwar a buɗe masa. Manyan bukukuwa biyu da aka kafa musamman domin karrama waƙar baƙar fata sune MOBO a Birtaniya da BET a Amurka, kuma mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya kamar abu ɗaya ne, alhali ga ƙaramin mawaƙi akwai bambanci sosai. Ni dai ra'ayina MOBO ta fi kusa da wanda bai riga ya isa ba, amma akwai sharaɗi babba a ciki wanda zan zo kansa.

Asalin kowannensu ma ya nuna halinsa. MOBO a 1996 aka fara ta a Landan, wata baiwar Allah Kanya King, mahaifinta ɗan Ghana mahaifiyarta 'yar Ireland, ita ta tsaya kai da fata har da jinginar da gidanta don a samu kuɗin bikin farko, saboda a lokacin manyan bukukuwan waƙa na Birtaniya basa ba wa rap da rege da R&B da sauransu wani muhimmanci. Wato tun daga tushe an kafa ta ne don waɗanda aka bari a waje. BET kuwa gidan talabijin ne tukunna kafin komai, Robert Johnson ya kafa shi a 1980, daga baya Viacom ta saye shi, yanzu yana ƙarƙashin Paramount, bikin kambun kuma a 2001 aka fara shi a Las Vegas kafin ya koma Los Angeles inda aka fi yinsa a watan Yuni. Shiri ne na talabijin da ake son miliyoyi su kalla a sayar da talla, saboda haka fuskar da kowa ya riga ya sani ita ake nema a kan dandamali. Wannan ba zagi bane, haka kasuwancin yake.

To mu duba abinda ya faru da mutane na gaske. A 2013 Krept da Konan, samari biyu daga kudancin Landan, suka ci kambun sabon mawaƙi na MOBO a lokacin babu wani kamfani da ya ɗauke su, da kansu suka fitar da aikinsu ya shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, bayan nan kaɗan kamfanin waƙa na Virgin EMI ya basu kwantiragi. A 2014 Stormzy ya ci kambun grime, wani salon rap na Birtaniya, shima ba kamfani, kuma cikin watan da ya ci aka gayyace shi shirin waƙa na Jools Holland a BBC, wurin da mai rap mara kamfani bai taɓa hawa ba kafin shi. Ya sake ci a 2015, a 2017 ya fitar da albam ɗinsa na farko a ƙarƙashin tambarinsa na kansa ya hau lamba ɗaya a Birtaniya. A 2021 Central Cee ya tafi da kambu biyu, na sabon mawaƙi da na drill, wani salon rap ɗin, shima lokacin bai sa hannu da babban kamfani ba. Wannan ba sau ɗaya bane balle ace sa'a ce, abu ne da yake maimaituwa, kuma dalilinsa a fili yake: MOBO tana da rukunai na irin waƙar da ke tasowa daga unguwa, grime da drill da gosfel da jaz da waƙar Karibiyan, inda yaron da ya tara mabiya a YouTube zai iya karawa da kowa ba tare da an tambaye shi waye ubangidansa ba.

Abin lura kuma, Krept da Konan sun ci BET a 2014, Stormzy ya ci a 2015, wato shekara ɗaya bayan MOBO kowannensu. Haka Wizkid, MOBO a 2011, BET a 2012. 2Face ya ci MOBO tun 2007, BET sai 2011. Ba kullum ake bin wannan layin ba, D'banj shi BET ya fara ci a 2011 sannan MOBO a 2012, amma mafi yawa haka abin yake tafiya, BET rawani ne da ake naɗa wa wanda gari ya riga ya san shi, ba ita ke fito da mutum ba.

Za a ce to Chance the Rapper na Amurka fa, ai ya ci sabon mawaƙi a BET a 2017 bashi da kamfani, a shekarar ma ya ci Grammy uku. Gaskiya ne. Amma shi da bakinsa ya faɗa cewa Apple Music ta bashi dala dubu 500 don aikinsa ya zauna a wurinsu su kaɗai na sati biyu, kaga wannan ba irin cin gashin kan da ni da kai muke magana a kai bane. Kuma wannan ya shafi na Birtaniya ma, kar a ruɗe ka, albam ɗin Stormzy na 2017 ADA ce ta rarraba shi, wani reshe na Warner, Little Simz kuma, mai rap 'yar Birtaniya, da kamfanin rarrabawa na AWAL take aiki wanda Sony ta saya. Mawaƙin yana riƙe da mallakar waƙarsa, shi ke yanke shawara, amma akwai manaja akwai lauya akwai masu rarrabawa akwai mai tura waƙa gidajen rediyo. Duk wanda kaga ya hau dandamalin nan ana ce masa mai zaman kansa, to akwai mutane a bayansa da suke aiki dare da rana, ba shi kaɗai bane da wayarsa.

Inda MOBO ta yi wa BET nisa a wurina shine abinda take yi a ranakun da ba na biki ba. Akwai MOBO UnSung, gasa ce da aka ware don waɗanda basu da kwantiragi, kai da kanka zaka tura waƙarka, in aka zaɓe ka ana haɗa ka da masu harkar, a baka horo da lokacin situdiyo da damar yin wasa a gaban mutane. Akwai kuma asusun tallafi da suka buɗe tare da ƙungiyar Help Musicians a 2017, ana ba ƙananan mawaƙa kuɗi su yi rikodin ko bidiyo ko yawon wasa, da shawarar yadda ake tafiyar da harkar. Kuɗin ba wani mai yawa bane amma ga wanda ya maƙale saboda kuɗin haɗa sauti na waƙa biyar, wannan yafi masa ƙarfen da zai ajiye a kan tebur amfani nesa ba kusa ba. Sannan tun 2009 suka fara fita da bikin daga Landan, an yi a Glasgow, Liverpool, Leeds, Coventry a 2021, Sheffield a 2024, Newcastle a 2025, kuma in sun je gari sukan shirya ƙananan wasanni da taron bita da 'yan garin ke shiga, yaron da bai taɓa ganin furodusa babba ido da ido ba sai ya ganshi a garinsu. A ɓangaren BET wurin da a da ƙaramin mai rap yake iya nuna kansa shine zagayen da aka saba yi a bikinsu na hip hop, inda ake jera mawaƙa kowa ya zuba baitinsa a kan kiɗa ɗaya, mutane da yawa ta nan aka fara jinsu, sai dai a 2025 kamfanin ya sanar da dakatar da wannan bikin tare da na Soul Train. Wallahi wannan ya min ciwo, domin ƙofar da ta fi faɗi ga ƙananan ita aka rufe.

MOBO ma tana da nata laifin, ba zan ɓoye ba. A 2006 ta cire rukunin jaz, sai da mawaƙan jaz suka fito da kayan busarsu suka yi zanga-zanga a bakin zauren bikin kafin a dawo da shi a shekarar da ta biyo baya. An yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da Jessie J ta kwashi kambu huɗu a 2011, Sam Smith ma huɗu a 2014, dukansu fararen fata, mutane na tambaya to ina amfanin bikin in waɗanda ke ci a ko'ina su ne ke ci a nan ma. Baƙaƙen fata masu kiɗan rok sun daɗe babu inda zasu shiga sai da Nova Twins suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2020, aka buɗe musu rukuni a 2022. Kuma a 2018 da 2019 ba a yi bikin ba kwata-kwata, sai 2020 ya dawo ta intanet. Duk mawaƙin da tauraronsa ya haska a waɗannan shekaru biyun haka ya wuce babu kambu, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka haɗarin ɗora rayuwarka a kan biki. Amma dai ana yi musu magana suna ji suna gyarawa, wannan na basu shi.

Yanzu sharaɗin da nace zan zo kansa. Duk wannan alherin na MOBO, UnSung ne, asusun tallafi ne, rukunin sabon mawaƙi ne, na mazauna Birtaniya ne. In kai ɗanmu ne da ke karatu ko aiki a Manchester ko Birmingham kana waƙa a gefe, to ɗan'uwa babu ma abin tunani, MOBO zaka sa a gaba, ka bibiyi lokacin da suke buɗe karɓar waƙa ka tura. Amma in kana Kano ko Kaduna ko Jos ko Maraɗi ko Kumasi, rukuni ɗaya ne ya shafe ka kai tsaye, na mawaƙin Afirka, wanda aka buɗe a 2005, kuma ka duba waɗanda ke cinsa: 9ice a 2008, Nneka a 2009, Fuse ODG sau uku a jere daga 2013 zuwa 2015, Wizkid, Davido, Burna Boy, Asake, Ayra Starr a 2025. A BET ma haka, Ice Prince wanda ya tashi a Jos ya ci a 2013 yana ƙarƙashin kamfanin Chocolate City, Davido a 2014 da 2018, Burna Boy sau uku a jere daga 2019, Tems a 2022, Tyla a 2024. A 'yan shekarun nan kusan kowannensu akwai babban kamfani irin RCA ko Atlantic ko Epic ko Empire ko Mavin a bayansa. A wannan rukunin MOBO da BET duk ɗaya ne, manya ake karramawa, kuma waƙar da ta riga ta shiga kulob na Landan da rediyon Amurka ake ji. Mawaƙin Hausa zai iya samun kallo miliyoyi a YouTube, a cika fili a Yamai ko Agadez saboda shi, amma alƙalan da ke zaune a can basu taɓa jin sunansa ba, ba don waƙarsa bata kai ba sai don babu wanda ya kai musu ita.

A nan kuma, abin mamaki, BET ce ke da 'yar taga da MOBO bata da ita. Tana da rukunin sabon mawaƙi na ƙasashen waje wanda aka saba barin masu kallo su zaɓa ta intanet. Eddy Kenzo na Uganda ya ci a 2015, Falz a 2016 yana ƙarƙashin tambarinsa na kansa, Rayvanny na Tanzaniya a 2017, sai 'yan Afirka ta Kudu Sjava a 2018, Sho Madjozi a 2019, Makhadzi a 2024. Ka lura da waɗannan na ƙarshen, da Suwahili da Zulu da Tsonga da Benda suke waƙa, Benda ma yawan masu jinsa bai kama ƙafar Hausa ba. Duk mai ce maka sai ka bar Hausa ka koma Turanci kafin duniya ta ji ka, ka nuna masa waɗannan sunayen. Abinda suke da shi shine jama'a a gida masu tsayawa su yi zaɓe, da mutanen da suka san yadda ake kai suna gaban masu tantancewa, domin kafin a zo zaɓen jama'a sai wani kwamiti na masu harkar ya sa sunanka a jeri tukunna.

Sannan mu tuna shekarun da BET take ba 'yan Afirka kambunsu a bayan fage, kafin a fara babban bikin, babu kowa a zauren. Fuse ODG ya ƙi zuwa a 2015 saboda haka ya kuma fito ya faɗa, Wizkid ma yayi magana, sai a 2018 aka miƙa wa Davido nasa a babban dandamali. An gyara, amma mawaƙi mai lissafin kowace naira ya kamata ya tambayi kansa ko minti nawa ne zai samu a talabijin bayan ya sha wannan tafiyar.

Tafiyar kuwa ita ce babbar magana. Biza, tikitin jirgi zuwa Los Angeles na mutum biyu ko uku, otal a satin da gari ya cika, kaya, mai ɗaukar hoto, wanda zai haɗa ka da 'yan jarida, in kamfani ne shi ke ɗauka ya rubuta a bashinka, in kai kaɗai ne daga jikinka zai fita. A 2024 Amurka ta ninka kuɗin takardar neman bizar yin wasa fiye da sau uku ga da yawa daga cikin masu nema, a Yulin 2025 ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya na wata uku, 'yan Chadi da Sudan kuwa a Yunin 2025 aka sa ƙasashensu a jerin waɗanda aka hana shiga. Birtaniya ma bizarta ba wasa bace amma ta fi kusa, kuma akwai jama'armu da yawa a can da zaka iya haɗa ɗan wasa ka rage asara. Kuma kada kowa ya ɗauka kambu na biyan wannan kuɗin, MOBO da BET daraja suke bayarwa. Labarin Little Simz ya ishi kowa: a Fabrairun 2022 ta ci Brit, babban kambun waƙa na Birtaniya, a Afrilu ta ɗage yawon wasanta na Amurka tace ita ke biyan komai daga aljihunta kuma in ta tafi asara zata tafka, a Oktoba ta ci kambun albam na Mercury, a ƙarshen Nuwamba ta raba kambun albam na shekara na MOBO da Knucks. Shekara guda, kambu uku manya, amma kuɗin zagaya Amurka ya gagara. Duk lokacin da na tuna wannan sai tausayin ƙananan yaranmu ya kama ni, waɗanda suke ganin da zarar an kira sunansu talauci ya ƙare.

To in kana gida me zaka yi? Ni shawarata ka bar waɗannan biyun a matsayin na gaba, ka fara da wanda zaka iya tura aikinka da hannunka. AFRIMA, bikin kambun waƙa na Afirka, wadda aka fara a 2014 tare da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, tana buɗe shafi duk zagaye mawaƙi ko furodusa ya tura waƙarsa da kansa, alƙalai su tace sannan jama'a su yi zaɓe, kuma tana da rukunai na yanki-yanki da na waƙar gargajiya, an yi ta a Legas da Accra da Dakar, wurare ne da ɗan Najeriya ko ɗan Ghana baya buƙatar biza. Headies kuma, ta Najeriya, tun 2006 take, rukuninta na Next Rated, na mawaƙi mai tasowa, har mota ake bayarwa, Wizkid da Davido da Rema da Asake duk sun bi ta nan, sai dai gaskiya idonta yafi karkata ga Legas, kuma da ta kwashi bikin ta kai Atlanta a 2022 da 2023 ta ƙara nisa da ƙaramin mawaƙi. Amma ko sunanka ne kawai ya fito a jerin ɗayansu, ka samu layin da zaka rubuta a takardar gabatar da kanka, kuma irin wannan layin masu shirya bukukuwan waƙa a Turai da masu ba da tallafi suke dubawa, har jami'in biza yana tambayar shaidar cewa kai sanannen mawaƙi ne.

Kuma ko wanne ka zaɓa, amfanin yana zuwa ne a 'yan makonnin da suka biyo bayan fitar da sunaye, lokacin da mutane ke shiga neman waye wannan. In suka nema suka tarar waƙoƙinka basa Spotify da Apple Music da Audiomack da Boomplay, ko suna nan amma wani ne ya ɗora da sunansa yana cin kuɗin, wanda wannan ciwo ne da ya addabi mawaƙan Arewa sosai, to an yi ba a yi ba. Kafin ka tura wa kowane biki waƙa ka tabbata ta hau ta hannun mai rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore da sunanka, kowace da lambar shaidarta, ka rubuta yarjejeniya da furodusa da duk wanda ya sa murya kan kason kowa tun kafin kuɗi su shigo, ka yi rajista da masu karɓar maka haƙƙi, PRS da PPL in kana Birtaniya, ASCAP ko BMI a Amurka, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar. Ka tanadi hotuna masu kyau da taƙaitaccen tarihinka da Hausa da Turanci, da Faransanci in zaka iya, da imel ɗin da ake amsawa. Sannan ka riƙa duba ƙa'idar kwanan wata, domin kowane biki yana da tsakanin watannin da waƙa zata fito kafin ta cancanta, in taka ta fito sati ɗaya bayan an rufe sai zagaye na gaba, lokacin kuma ta riga ta huce.